Me Ya Sa Maroƙi Bai Ƙare Labarinsa Ba?

A cikin wasannin sinima da a ke gardama a kan ƙarshensu akwai Keïta, wanda Dani Kouyaté na ƙasar Burkina Faso ya shirya a 1995. Wani tsohon maroƙi ne, Djeliba, ya taso daga ƙauye ya sauka gidan su wani ɗan makaranta, Mabo Keïta, don ya gaya masa asalin sunansa, watau labarin Sundiata wanda ya kafa daular Mali. Labari ya shiga ran yaro har ya fara gudun makaranta. Uwarsa ta husata, malaminsa Fofana ya zo ya ja da tsoho. Da rigima ta yi yawa sai Djeliba ya naɗe kayansa ya kama hanya, daidai inda Sundiata ya fita gudun hijira.

Waɗansu su kan ce ai boko ne ya kori maroƙi. Mu dai ba haka mu ka gani ba, watakila don mun tashi a Gidan Goga, ƙasar Maradun, inda aka san yadda a ke gadon waƙa. Ku dubi Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991. Ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da wansa Kurna kafin ya ja ƙungiya tasa. Ba a juye wa yaro wannan sani rana ɗaya, sai ya bi ya nema.

To, ku lura da inda tsohon ya tsaya. Ya bar Sundiata a bakin tafiya, ya kuma bar Mabo a bakin tasa, gama yaron da aka zo aka tarar a gida yanzu shi ke bin mutane yana roƙon sauran labari. Kafin ya tafi ya nuna masa cewa maharbi kan rinjayi zaki a tatsuniya ne domin maharbi ke ba da ita. Sa'an nan maharbin cikin labarin ya bayyana ga Mabo, bai ƙarasa masa ba, sai ya ce zai gamu da waɗansu maroƙa a gaba.

Amma mu masu koyon aikin malanta, wurin da ya fi sosa mu yana can baya kaɗan, sa'ad da Djeliba ya tambayi Fofana ma'anar sunansa, malam kuwa bai sani ba.