Jita tsakanin hunturu da damina

Itace ko an sare shi, an feƙe, an shafe shi da fenti, bai daina shan ruwa ba. Yana tsotsar laimar iska ya kumbura, idan iska ta bushe ya saki ruwan ya tsuke. Kowa ya san ƙofar katakon da ke cijewa a watan Agusta, Janairu na zuwa ta koma sakwa-sakwa. Haka jita take, sai dai ita katakon fuskarta kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa dare da rana da ƙarfin da ya kai na kilo 70.

Manyan maƙeran jita na Amurka, irin su Taylor da Martin, wanda aka kafa tun 1833, shawararsu ɗaya ce: a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. To a Kano ko Zinder, da hunturu laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20, tsakiyar damina kuma ta haura 70. Wato kowace shekara sai katakon ya bushe ƙayau, ya sake jiƙa, ya sake bushewa.

A ganina hunturu ya fi ɓarna, kuma shi aka fi rainawa. Katako ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. A cikin jita kuwa akwai 'yan sanduna da aka manna a gicciye don su tallafi fuskar. Fuska na son tsukewa, sanduna sun riƙe ta, ƙarshenta sai ta tsage, galibi daga jakin da ke ɗauke da tsirkiya zuwa gindi. Amma tana gargaɗi kafin nan. Shafa gefen wuyanta: idan bakin ƙananan ƙarafan da ake danna tsirkiya a kansu ya fara kartar yatsa, katakon ya ja baya ya bar su a waje. Fuskar ma takan ɗan lotsa, tsirkiyoyi su kwanta suna zizar da ba a saba ji ba.

Ɓarnar damina a hankali take zuwa. Fuska ta yi tozo a bayan jaki, tsirkiyoyi su yi sama har danna su ya zama aiki, sauti ya dushe, tsatsa da funfuna su biyo baya.

A nan ne wata ɗabi'a tamu ke cutarwa. Makaɗi ya san idan fatar ganga ta saki saboda laima, shanya ta ake yi a rana ko a kara ta kusa da wuta, ta ɗame, murya ta dawo. Wannan daidai ne ga fata. Jita kuwa da gam aka haɗa ta, zafi na sassauta gam, tsirkiya kuma ba ta fasa ja ba, sai jaki ya ɗago. Haka nan barin ta a but ɗin mota da rana tsaka a bazara.

Maganin ba shi da tsada. Na farko akwati mai rufuwa sosai, domin rataye ta a bango ado ne kawai. Da hunturu a sami robar sabulu mai murfi, a huda ta, a sa soso a ciki wanda aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, a ajiye a akwatin ta wajen kan jitar, kada ruwa ya taɓa katako. Soson ya bushe a sake jiƙa shi. Da damina a cire shi, a zuba 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a kuma goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir shi zai nuna lokacin sauyawa, ya fi a dogara da kalanda. Wanda ya samu ƙunshin Boveda ko na D'Addario, masu ba da laima su kuma tsotse ta idan ta yi yawa, ya huta.

Mai shirin saye ya duba inda zai zauna da ita. Jitar da aka yi da falle-fallen katako manne da juna ta fi jure yanayinmu a kan mai tsadar da aka yi da katako sak, ko da yake ba ta kai ta zaƙin murya ba. Ta lantarki irin wadda Bombino da Mdou Moctar na Nijar suke kaɗawa, gangar jikinta dunƙulalliya ce, ba ta cika tsagewa ba, amma wuyanta na motsi da yanayi. Wadda aka sayo daga Legas ko Kwatano kuwa da laimar teku ta saba, a bar ta cikin akwati da soso ta huce gajiyar hanya.

Idan har ta tsage, a sassauta tsirkiyoyi, kada a ɗura mata sufa gulu, kada kuma a riƙa shafa wurin da yatsa, don maiƙon hannu na hana gam kamawa. A mayar da ita akwati da jiƙaƙƙen soso. Sau da yawa bakin tsagar kan haɗe da kansa, sannan mai gyara ya manne ta ya tokare ta daga ciki.