Takardun fitar da kaya zuwa ƙasashen waje

Takardun fitar da kaya su ne shaidun da doka ta wajabta wa ɗan kasuwa kafin kayansa su bar Najeriya. Sun shafi har waken da albasar da ake nomawa a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato.

Manyan takardun

1. Rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, wadda aka kafa a 1976. Kamfanoni da ƙungiyoyin gama-kai na manoma suna iya yin ta.
2. Fom NXP na Babban Bankin Najeriya. Ta banki ake cike shi, kuma dole kuɗin cinikin su dawo cikin kwana 180.
3. Shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS.
4. Shaidar asalin kaya daga ƙungiyar NACCIMA.
5. Rasitin ciniki da takardar lodi ta kamfanin jirgi.

Muhimmanci

Takarda ba ta wanke gurɓataccen kaya. A 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Don haka shirin fitar da kaya daga rumbu yake farawa.