Yadda manhajar ɗaukar ma'aikata ta Amazon ta koyi ware mata

A shekarar 2014 wasu injiniyoyin kamfanin Amazon suka fara haɗa wata manhaja da za ta riƙa karanta takardun masu neman aiki, ta ba kowa maki daga tauraro 1 zuwa 5, kamar yadda masu sayayya ke yi wa kaya a shafin kamfanin.

Dabarar tana da jan hankali. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta da ɗan'uwa ko ɗan gari, ba ta kuma san zancen "wa ka sani" ba.

Sai dai irin wannan manhaja ba a rubuta mata ƙa'idojin zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin bayanai ake loda mata, ita kuma ta lalubo da kanta abin da take ganin shi ne alamar ma'aikacin ƙwarai. Amazon ya ba ta takardun neman aiki da ya karɓa cikin shekara 10, kuma mafi yawansu na maza ne, domin su suka mamaye harkar fasaha.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zuwa 2015 aka gano manhajar ta koya wa kanta fifita maza. Duk takardar da ta ƙunshi kalmar da ke nufin "na mata", misali wadda ta rubuta cewa ta shugabanci ƙungiyar wasan dara ta mata, sai makinta ya ragu. Haka ta yi wa waɗanda suka kammala wasu kwalejoji 2 na mata zalla. Babu wanda ya umarce ta da hakan.

Injiniyoyin sun gyara ta don ta daina hukunta waɗannan kalmomi, amma babu tabbacin ba za ta ɓullo ta wata ƙofar ba. An riga an lura tana son wasu kalmomin nuna bajinta da suka fi yawa a takardun maza. Ko an goge jinsi daga takarda, salon rubutu da sunan makaranta na iya tona shi.

Daga baya aka rusa tawagar. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya fasa ƙwan a watan Oktoban 2018, Amazon kuma ya ce jami'ansa ba su taɓa amfani da manhajar wajen tantance masu neman aiki ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, wadda aka watsar da takardarta ta wannan hanya ba za ta taɓa sani ba. Shiru kawai za ta ji.

Wannan giɓi ne birnin New York na Amurka ya yi ƙoƙarin toshewa. Tun daga watan Yulin 2023, dole kamfanin da ke tantance ma'aikata da irin wannan manhaja ya sa wani mai bincike daga waje ya duba ta kowace shekara, ya wallafa yadda sakamakonta yake tsakanin jinsi da launin fata. Dole kuma ya sanar da mai neman aiki, aƙalla kwanakin aiki 10 kafin lokaci, cewa na'ura ce za ta auna shi.

Masu suka na cewa dokar ta bar kafa, domin kusan kamfanin ne da kansa ke yanke ko manhajarsa ta shiga ƙarƙashinta.