Kafin A Sauke Inji, A Nemo Inda Matsi Yake Zurarewa

Har yau akan gamu da Peugeot 504 a hanyar kasuwannin ƙauye, ta sha lodi har bisa, tana tafe. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, aka shafe kusan shekara talatin ana harhaɗa ta a can. Kukan masu ita ɗaya ne da na masu tsohon babur da injin ban ruwa: ba ta ja a hawa, da safe sai an tura, tana shan baƙin mai, ga hayaƙi shuɗi a salansa. Amsar gareji ma ɗaya ce: "Alhaji, injin nan ya gaji, sai dai a sauke shi." Wani lokaci gaskiya ce. Sau da yawa kuwa an yanke hukunci ne ba a yi awo ba.

Injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, wanda motocinmu suka gada, motsi huɗu yake yi. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙarfin fashewar ya dogara ne ga matsin da ya gabace ta. Injin 504 yakan takure abin da ya zuƙo zuwa kamar kashi ɗaya cikin takwas ko tara. Injin dizal ba shi da fulogi, yana matse iska ninki 16 zuwa 20 har zafinta ya haura digiri 500, zafin ne ke kunna man. Shi ya sa tsohon injin niƙa, in matsi ya ragu, sai a yi ta juya shi har hannu ya gaji bai tashi ba. Zugazugin maƙeri ne da fatarsa ta huje: ana bugawa, iskar ba ta isa ga gawayi.

Ta wuri uku matsi yake gudu: ringin fistin, bawul, da gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Gano wanne ne ba ya buƙatar buɗe inji. A ɗumama shi, a cire fulogai duka, a taka totur har ƙasa, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi, a ba da kiyi. Lafiyayyen injin fetur yakan nuna wajen bar 9 zuwa 12 a ma'aunin. Amma bambancin da ke tsakanin silindojin ya fi lambar kanta muhimmanci. In ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. Sai a zuba baƙin mai cokali guda a silindar da ta gaza, a sake awo. In allura ta ɗaga sosai, ringi ne ko bangon silinda, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a dubi bawul. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, ko lagireto yana kumfa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gaskit ya ƙone.

Laifin bawul ya fi kowanne sauƙin kuɗi, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. A tsofaffin injuna, ɗan giɓin da ake bari a saman bawul yakan tsuke, bawul ya daina rufewa ruf, wuta ta riƙa lasar bakinsa. In an farga da wuri, saiti kawai ya wadatar, aikin da bai kai awa guda ba. In an makara, sai a cire kan inji, a kankare baƙin da ya daskare, a goge bawul da mazauninsa da man gurza har su zauna daidai. Wurin mayarwa a sa sabon gaskit, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Kan da zafi ya lanƙwasa akan fere shi, amma kaɗan. In aka zarce, matsi ya yi yawa, inji ya fara ƙwanƙwasa.

A kan ringi ne aka fi yin asara. Mai mota ya sayi sabon ringi, a cusa shi cikin silindar da ta riga ta zaizaye ta bar da'ira, bayan ɗan lokaci hayaƙi ya dawo, ya ce makanike ya cuce shi. Dole a auna silindar. In cin kaɗan ne, a ɗan karce bangon don sabon ringi ya sami abin kamawa. In ya yi zurfi, a faɗaɗa ramin a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. A nan 504 ta yi sa'a, domin silindarta kwanso ce da ake zarewa, a sauya ta tare da fistin da ringi, inji ya koma kusan sabo. Bakunan ringi kada su jeru a layi ɗaya. Bayan aiki kuma a lallaɓa motar kilomita 1,000 na farko, ba lodi mai nauyi, sannan a yi juye.

Ban ga amfanin dabarar zuba mai mai kauri ko maganin gwangwani don hayaƙi ya lafa ba. Ba su mayar da ƙarfen da ya cinye, man mai kauri kuma yana jinkirin isa saman inji da sanyin safiya. Wanda ya yi haka don ya sayar da mota, ya ha'inci mai saye.

Abin da ke cin ringi a ƙasarmu, galibi ƙura ce. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi cike yake da ɓarɓashin yashi, yana shiga ya haɗu da mai ya yi ta gurzar silinda. Duk da haka za ka ga babur ko injin ban ruwa yana aiki an cire masa matatar iska, wai don ya ƙara ja. Duk gyaran da aka yi bai daɗewa in aka bar wannan ƙofa a buɗe.

Ma'aunin matsi ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai kama ƙafar na injin Kwatano ba. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin makanikai su tabbatar kowane gareji yana da shi, yaran gareji kuma su iya karanta shi. Kai kuma mai mota, in an ce maka inji ya gaji, ka ce a auna kowace silinda a gabanka kafin ka yarda a kwance noti ko ɗaya.