Dara Da Lissafin Ka: Garkuwar Dattawanmu Daga Ƴan Damfarar Salula

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙasar Kurfai, daga Sanam zuwa Abala har Filinge, ya san cewa yau kuɗi sun rage tafiya cikin lalita, sun koma bin salula. Matasanmu da ke cirani a Libiya, Aljeriya, Lome ko Abijan suna turo na cefane ta Nita, Amana ko Al Izza, kuma galibi tsofaffi ne ke karɓa. Wannan sauƙi shi ne ƴan damfara suka mai da gonarsu.

Dabarunsu ba su da yawa. Wani zai kira ya ce ya tura jika hamsin cikin lambar Hajiya bisa kuskure, don Allah ta mayar masa, alhali saƙon da ta gani na jabu ne. Wani zai ce an ci kyauta, sai dai a faɗi lambar sirri. Mafi muni shi ne mai kira da dare ya ce an kama ɗanki a hanya, in ba a turo kuɗi yanzu ba, shi ke nan. Dukansu abu ɗaya suke nema: a yi sauri kafin a yi tunani.

A nan ne muke ganin amfanin dara. Ramuka 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Amma gwanin dara ba ya murna don an bar masa ci a buɗe. Sai ya tsaya ya tambayi kansa: me ya sa aka ba ni wannan? Domin kuwa ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da ya kamata a yi wa mai kiran kyauta ke nan.

Masana ma sun duba lamarin. A Amurka, wani bincike da aka soma a 1998 a kan tsofaffi 2,832 ya nuna cewa waɗanda aka horar a kan tunani da saurin lura sun riƙe ribar horon har bayan shekara 10. Sai dai kada a ruɗe mu da talla: a 2016 hukumomin ƙasar sun sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda ya zuzuta amfanin wasanninsa na salula fiye da abin da ya iya tabbatarwa. Wasa yana wasa ƙwaƙwalwa, amma sanin dabarar ɓarawo sai an koya.

Saboda haka muke ba da shawara a haɗa biyun. Mai sai da gero ko kayan miya ta riƙa yin lissafin cinikinta da ka kafin ta taɓa salula. Bayan sallar isha'i kuwa, a maimakon kacici-kacici kaɗai, jika ya zama ɗan damfara, ya yi wa kakarsa kiran wasa, ita kuma ta gano inda ƙaryar take. Wanda ya saba jin zancen a tsakar gida ba zai firgita ba ranar da ya ji shi daga bakin baƙo.

Ƙa'idojin uku ne. Kada a ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake. In an ce kuɗi sun shigo, a duba asusu ko a je wurin wakili. In an ce ɗa yana hannu, a kashe waya a kira shi ko abokan tafiyarsa. Wanda aka riga aka cuta kuma kada kunya ta hana shi zuwa wurin jandarmomi, domin tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, kuma shirunsa shi ke ba macuci damar kiran maƙwabciya gobe.

Allah ya tsare mana guminmu, ya raba mu da sharrin macuta.