Wuni Ɗaya A Birnin Shehu Da Baba Da Ƙanena

A hutun da ya wuce Baba ya taso daga Anka ya zo duba ni a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya riƙo ƙanena ɗan aji biyar na sakandare. Baba ziyara ce a ransa. Shi kuwa yaron hoto yake so ya ɗauka ya kai wa abokansa. Tun a tasha suka fara jayayya, sai na tsara musu zagayen da zai ɗauke su duka biyu. Idan kai ma wata rana ka samu rakiyar mahaifi zuwa Sakkwato, ga yadda muka yi.

Da Hubbaren Shehu muka fara, da sanyin safiya, don ranar Sakkwato ba ta da wasa. Nan kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, shekara biyu bayan ya baro Sifawa. A nan ne kuma aka binne 'yarsa Nana Asma'u. Wuri ne na natsuwa: ka cire takalmi, ka rage murya, kada ka ɗaga waya sai ka tambaya. Ƙanena ya ɓata rai da wannan sharaɗi, har sai da Baba ya juyo ya ce masa, “Kai yaro, ka san mutumin nan ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasarmu ta Zamfara kafin jihadi?” Bai sani ba. Ni ma sai da na shiga jami'a na sani. A aji muna haddace 1804 don jarrabawa kamar labarin wasu mutane ne can nesa, alhali a ƙasarmu aka yi wani ɓangarensa. Daga nan tambaya ta ɓarke. Ina Shehu ya zauna? Su wa suka bi shi, su wa suka ƙi? Ina Sarkin Musulmi Bello, da ba a ga kabarinsa ba? Wannan ta ƙarshen ni na amsa: yana Wurno, inda ya rasu a 1837, ko da yake shi ya kafa birnin a 1809.

Masallacin Shehu da ƙofar fadar Sarkin Musulmi ba su da nisa daga nan. A gaban fada ƙanena ya samu hotonsa, hankalinsa ya kwanta.

Inda na fi so mu daɗe shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu, mai ɗauke da sunan malamin nan masanin tarihi da ya rasu a 1997. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi. Abin da ya burge ni, Baba da bai yi boko ba shi ya riƙa karanta mana rubutun Larabci, mu 'yan boko biyu muna tsaye baki buɗe. Ban taɓa ganin ƙanena ya dubi Baba da irin wannan ido ba. A gani na, wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Da la'asar muka bi ta Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da Turawan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Yau filin ƙwallo ne ke ɗauke da sunan, kuma yara da yawa iyakar saninsu ke nan. Muka ƙare wajen dukawa. Jar fatar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ketara Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Baba ya taya takalmi, ya yi ciniki kamar zai yi faɗa, ya saya wa yaron.

Kuskurena ɗaya: na manta ruwan sha, muka galabaita da azahar. Ka riƙe gora, ka tanadi canjin keke Napep, ka kuma zo da ɗan littafi da biro. Maganar hanya kuwa, mu mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum mun san halin da ake ciki. Baba bai yarda da tafiyar yamma ba. Suka kwana, gari na wayewa na raka su tasha.