Ma'ana da Amfanin Sifar Ingilishi "Scandalous"

Wannan maƙala za ta dubi sifar Ingilishi "scandalous", wadda masu fassara kan mayar da ita "abin kunya". An gina ta ne daga suna "scandal" da ɗafa-ƙeya "-ous". Tushenta kuwa kalmar Girkanci ce, "skandalon", wato tarko ko abin tuntuɓe, wadda ta biyo ta Latin da Faransanci kafin ta shigo Ingilishi. A rubuce-rubucen Kiristocin farko, tana nufin halin da ke sa wani ya yi tuntuɓe a imaninsa.

Daga nan za a gane cewa kalmar tana buƙatar idon jama'a. Kunya tana iya kama mutum shi kaɗai a ɗaka, amma galibi ba a kiran aiki "scandalous" sai ya fito fili ya girgiza mutane, kamar badaƙalar Watergate ta 1972 a Amurka, wadda ta kai Shugaba Nixon ga yin murabus a 1974. Saboda haka, a ganinmu, "abin fallasa" ya fi kusa da ita. Sai dai idan farashi aka siffanta da ita, to ba batun zubewar mutunci ake yi ba. Tsadar da ta wuce ƙima ake nufi.